Ku Tambayi Malam: Baƙon da Ba Ya Cikin Taswira

Wasiƙar farko ta wannan wata daga wata malamar kimiyya ta fito, a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Jihar Jigawa. Ga abin da ta ce:

"Assalamu alaikum Malam. 'Yan aji biyu na ƙaramar sakandare nake koyarwa. Mun yi darasin rana da duniyoyi takwas da ke kewaya ta, yara sun haddace sunayen tsaf. Sai wata yarinya ta tambaye ni ko ana iya ganinsu da ido, na ce mata ana ganin wasu. Na samo taswirar taurari a intanet na buga, muka fita fili bayan isha'i. Wallahi Malam na duba takardar nan ciki da bai ban ga Mars ko Jupiter ba, kuma abin da ke sama bai yi kama da abin da ke takardar ba. Haka muka koma ɗaki jiki a sanyaye. Taswirar ce ba ta da kyau, ko ni ce ban iya ba?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika fitar da yaran nan waje. Na shekara fiye da ashirin da alli a hannu, kuma na san ɗalibai da yawa da suka ci jarrabawa a kan duniyoyi ba su taɓa ɗaga kai sun ga ko ɗaya ba, alhali biyar daga ciki ana ganinsu da ido ƙuru-ƙuru, ba tare da wata na'ura ba. Su ne waɗanda littafin makaranta ke kira Mercury, Venus, Mars, Jupiter da Saturn, malamanmu na zaure kuma suka san su da Uɗarid, Zahra, Mirrihu, Mushtari da Zuhal. Da waɗannan sunaye zan riƙa kiransu.

Taswirarki ba ta da laifi. Ba a sa duniyoyi a cikinta ba ne da gangan. Ki ɗauki taswirar gari: za ki ga masallacin Juma'a, kasuwa, ƙofar gari, asibiti, amma ba za ki ga motar hayar da ta shigo da safe ba, domin kafin tawada ta bushe ta bar wurin. Taurari su ne 'yan gari. Sukan fito daga gabas su faɗi a yamma gaba ɗayansu, amma tsakanin wannan da wancan ba ya canjawa a tsawon rayuwar mutum. Yadda kakarki ta ga Kaza da 'ya'yanta a dunƙule, haka jikokinki za su gan su. Duniyoyi kuwa fatake ne, yau suna wannan unguwa, baɗi suna waccan. Saboda haka aikin taswira shi ne ta sanar da ke 'yan gari. Idan kin san su, duk wani haske mai ƙarfi da kika gani a sama wanda babu shi a takarda, to shi ne baƙon da kike nema. Abin da ya sa ki koma ɗaki a wancan dare shi ne ainihin dabarar.

Amma kin ce sama ba ta yi kama da takarda ba, wannan kuma wata matsala ce daban, kuma ina zaton abu uku ne suka haɗu. Na ɗaya, yawancin taswirorin da ke intanet don Ingila ko Amurka aka zana su. Tauraron arewa a Landan yana can sama, digiri 51 daga inda sama ta haɗu da ƙasa. A Kano digiri 12 kawai yake, sau da yawa ma ƙura ko itatuwa sun rufe shi. Duk sararin ya karkata ke nan idan aka kwatanta da nasu, kuma muna ganin taurarin kudu da su ba sa gani ko kaɗan. Na biyu, kowace taswira tana da wata da sa'ar da aka yi ta dominsu, domin taurari sukan riga jiya fitowa da kimanin minti 4 kowane dare, wato awa 2 a wata. Taswirar Janairu ba za ta yi miki aiki a Afrilu ba. Maganin waɗannan biyu guda ne: akwai manhajar Stellarium, kyauta ce, kuma idan an sauke ta a kwamfuta ba ta buƙatar intanet. Ki sa mata sunan gari mafi kusa da ku, da kwanan wata, da ƙarfe takwas na dare, ki kashe duniyoyin don kada su fito, sannan ki buga. Ke ki duba inda suke ki riƙe a zuciyarki, yara kuma ki ba su takardar da babu su.

Na uku shi ne wanda ya fi rikita mutane. Idan kin duba da kyau za ki ga gabas tana hagu, yamma tana dama, saɓanin taswirar ƙasa da muka saba. Ba kuskuren bugu ba ne. Taswirar ƙasa ana kallon ta daga sama, ta sama kuwa daga ƙasa ake kallon ta. A ɗaga ta bisa kai, gefen arewa yana fuskantar arewa, nan take gabas za ta koma gabas. Wannan rikici tsoho ne ƙwarai. Abdurrahman Assufi, masanin falakin da ya rubuta littafinsa na taurari a wajen shekarar 964, sau biyu ya zana kowane rukunin taurari, ɗaya yadda yake a jikin ƙwallon da ake zana taurari a kai don koyarwa, ɗaya yadda mai tsaye a ƙasa ke ganin sa. Ni abin da na fi sauƙaƙa wa yara shi ne su riƙe takardar a gabansu, su juya ta har sunan nahiyar da suke fuskanta ya dawo ƙasa. Tsakiyar takarda ita ce saman kansu.

A nan sai kin yi hattara da kalmar gabas. Mu idan an ce gabas, alƙibla muke nufi, kuma yara za su juya inda suke salla. Alƙiblar ƙasar Kano da Jigawa ta karkata arewa da gabas ta gaskiya da kimanin digiri 22. Tun da rana ki fita da su filin ku tsai da nahiyoyi huɗu, ku ajiye dutse a kowace. Ki koya musu awo da hannu: idan mutum ya miƙe hannunsa sosai ya dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10. Yana yi wa babba yana yi wa yaro, domin mai ƙaramin dunƙule gajeren hannu gare shi. Daga alƙibla a auna dunƙule biyu zuwa dama, an samu gabas. Daga nan kuma kin huta da "ga shi can, a'a, can dai". Sai ki ce dunƙule uku sama da bishiyar darbejiya, kowa ya gane.

Yanzu inda za a nemi baƙon. Ba ko'ina yake yawo ba, hanya ɗaya gare shi. Duniyoyin nan duka kusan a shimfiɗa ɗaya suke kewaya rana, kamar ƙwarya da aka jera a kan faifai guda, shi ya sa daga nan muke ganinsu a kan layin da rana da wata ke bi. Taswira mai kyau takan zana wannan layi da ɗigo-ɗigo, ya ratsa burujai goma sha biyu, wato rukunonin taurarin da ke kan hanyar. Ki sa yara su bi shi da jan biro tun a aji. Haske mai ƙarfi da ke can arewa ko can kudu nesa da layin nan, tauraro ne, kada su ɓata lokaci.

Ga wani abu da ke faranta mini rai duk lokacin da na zo kansa. Taurarin nan 28 da tsofaffin manoma da malamai ke lissafin shekara da su, su Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Sarfa, Simak, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, jimla 365, masaukan wata ne. Wato zangon-zangon da ke kan wannan hanya ke nan. Dattijon da ke ce miki Ɗarfa ta kama, ruwa zai yi yawa, sunayen unguwannin da Mushtari da Zuhal ke ratsawa yake faɗa miki. In akwai irin wannan dattijo a garinku, ki gayyato shi dare ɗaya. Zai faɗi abin da ba ya cikin littafinki, yara kuma za su ga ilimin nan ba baƙo ba ne a gidajensu.

Ki fara da abin da suka sani. Daga watan Nuwamba Kaza, wato Surayya, tana fitowa ta gabas da magariba, zuwa Janairu tana tsakar ka bayan isha'i. Kusa da ita akwai Dabaran mai ja-ja, kuma hanyar duniyoyi tsakaninsu biyun ta bi. Bayansu sai taurari uku da ke jere reras, waɗanda taswira ta sa cikin rukunin Orion. Idan aka bi layin ukun nan ta ɗaya ɓarin, za a isa Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi. Daren farko kada ki wuce nan. Kada ma a yi maganar duniyoyi. A dare na biyu sai ki ce: akwai wanda ke sama amma ba ya takarda, ku nemo mini shi.

Yadda za su bambance su kuwa, tauraro yana ƙyafta ido, duniya haskenta a tsaye yake kamar fitilar da ke cikin gilashi. Dalili shi ne nisa. Tauraro ɗigo ne tak a idonmu, iska kaɗan ta motsa sai haskensa ya yi rawa. Duniya tana kusa, tana da ɗan faɗi ko da ido bai rabe ba, rawar wannan gefe sai ta wancan ta shafe ta. Sai dai idan tana ƙasa-ƙasa daf da faɗuwa, ita ma takan ƙyafta, don haka alama ce, ba hujja ba. Zahra ta fi kowa haske, fara tas, kuma ba ta taɓa nisa da rana fiye da digiri 47, ko dai tana yamma bayan magariba ko tana gabas kafin asuba. Duk wanda ya ce miki ya ga Zahra a tsakar ka da tsakar dare, Mushtari ya gani. Shi ne na biyu a haske a yawancin lokaci. Mirrihu ja ne kamar garwashi, amma haskensa ba ya tsayawa wuri ɗaya: duk bayan wata 26 yakan matso kusa ya yi ƙarfi sosai, sauran lokaci ya dushe har a kasa bambance shi da Dabaran. Zuhal ruwan ɗorawa ne mai laushi, ba ya ɗaukar ido. Uɗarid shi ne mai wuyar kamu, kullum yana maƙale da rana, sai a ɗan tsakanin magariba ko ketowar alfijir, na 'yan kwanaki. Duk da haka mun fi Turai sa'ar ganinsa, domin a nan hanyar duniyoyi a miƙe take tashi sama, ba a kwance ba. In kuma kina son ɗan jagora, wata yana zaga hanyar nan kaf a ƙasa da kwana 28, yana gitta kowace duniya. Manhajar za ta gaya miki daren da zai tsaya kusa da wadda kike so.

Hujjar gaskiya ita ce tafiya, kuma nan ne darasin yake. Kowace yarinya ta keɓe shafi a littafinta, ta zana taurari uku ko huɗu da ke kewaye da baƙon, ta ɗiga inda yake, ta rubuta kwanan wata. Mako mai zuwa ta sake ɗigawa a wannan shafin dai. A ƙarshen shekarar 2022 na yi haka da wasu yaran unguwarmu, lokacin Mirrihu yana kusa da Dabaran. Na riga na gaya musu cewa duniyoyi gabas suke matsawa cikin taurari. Wata Juma'a wani yaro ɗan shekara 13 ya zo mini da shafinsa duk ya dame da gogewa, har takardar ta kusa hujewa. Ya ce, "Malam, nawa baya yake yi, wajen Kaza yake tafiya. Sau uku ina gogewa." Na ce ya daina gogewa, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Gaskiyarsa ce. Daga ƙarshen Oktoba 2022 zuwa wajen 12 ga Janairu 2023 Mirrihu baya ya riƙa yi, sannan ya tsaya ya juya. Ba shi ne ya juya da gaske ba. Mu muna zaga rana a kwana 365, shi a 687, kuma hanyarmu ce ta ciki. Idan muka zo wuce shi sai mu ga kamar yana ja da baya, kamar yadda mai ƙaramar mota ke ganin tirela tana komawa baya lokacin da yake wuce ta a hanyar Zariya. Yaron nan da hannunsa ya kama abin da ya ɗaure wa masana kai shekaru aru-aru, da fensir da takardar da ta sha gogewa.

Mirrihu da Zahra su suka fi dacewa da wannan aiki, a mako biyu an ga bambanci. Mushtari yana buƙatar haƙuri, kusan shekara 12 yake yi kafin ya zaga rana, wato buruji ɗaya a shekara: a Disambar 2024 yana kusa da Dabaran, a Janairun 2026 yana cikin burujin Jauza, wanda taswira ke kira Gemini. Zuhal kuwa shekara 29 da rabi.

Sauran ƙananan abubuwa. Daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba sama ta fi wankuwa, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Daren da aka yi ruwa gari ya washe shi ma yana da kyau. Ki guji daren da wata ya cika. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma hasken waya guda ya isa ya rushe wannan, saboda haka a ɗaure jar leda a bakin tocila, da ita za a riƙa duba takarda. A roƙi shugabar makaranta a kashe fitilun gefen fili na rabin awa. A zo da tabarmi a kwanta, wuya ba ya jure ɗaga kai. Kada ki fita da aji guda na mutum 70, goma sha biyar sun isa a dare ɗaya, mai gadi da uwar ɗakin kwana suna kusa. A haska ƙasa kafin a shimfiɗa tabarma saboda kunama.

Tambaya ta biyu daga wani tela ce a Damagaram: "Malam, gardama muke yi a shago. Ni na ce Zara daban, Gamzaki daban. Abokina ya ce abu ɗaya ne. Wa ya yi gaskiya?"

Abokinka ne, Malam. Zara matar wata da kake gani kusa da jinjirin wata bayan magariba, ita ce Gamzakin da masu sammako ke gani kafin asuba, wato duniyar Zahra. Takan yi kimanin wata takwas da rabi tana fita da yamma, ta ɓace kamar mako guda lokacin da take gittawa tsakaninmu da rana, ta ɓullo ta gabas ta yi wasu wata takwas da rabin, sannan ta ɓuya a bayan rana wajen kwana 50. Zagayen duka kwana 584 ne. Ga yadda za ku raba gardamar ba tare da kun dogara da maganata ba: a watannin da Zara ke haskawa da magariba, ku tashi da asuba ku nemi mai haske irin nata a gabas. Ba za ku samu ba. In kun ga wani mai haske-haske, Mushtari ne ko Shi'ira, kuma wasu mutane sukan kira duk babban tauraron asuba Gamzaki, daga nan ruɗanin ke tasowa.

Ta uku daga wani magidanci a Funtuwa: "Ɗana ya dawo daga makaranta da takardar taurari yana fita da dare yana kallon sama. Hankalina bai kwanta ba. Wannan ba hanyar duba da bokanci ba ce?"

Alhaji, na fahimci damuwarka, kuma uba nagari ne ke tambayar abin da ɗansa ke koyo. Fatawa ta malamai ce, ka tuntuɓi wanda ka amince da shi. Abin da zan iya gaya maka shi ne abin da ke cikin darasin. Mai duba yana cewa tauraro kaza ya shiga wuri kaza, don haka aurenka ko kasuwancinka zai yi kaza. Ɗanka ba wannan ake koya masa ba. Ana koya masa ina abu yake, yaushe zai fito, me ya sa yake tafiya haka, irin lissafin da ake fitar da jadawalin lokutan salla da shi, kuma masu neman jinjirin wata ke sanin inda za su duba. Suratul An'ami aya ta 97 da Suratun Nahli aya ta 16 sun ambaci shiryuwa da taurari a hanya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai ya bayyana musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Shawarata, wani dare ka ɗauki tabarma ka fita tare da yaron, ka ce ya nuna maka abin da ya zana. Da kunnenka za ka ji ko akwai abin ƙi.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibin kwalejin horon malamai: "Ina tara kuɗi in sayi madubin hangen nesa. Wanne ya kamata in saya?"

Ɗana, kada ka yi gaggawa. Ƙananan da ake sayarwa da araha, masu siraran ƙafafu, rawa suke yi, kafin ka kama abin da kake nema ya gudu. Ka fara da mai ido biyu, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa, ko na hannu ne. Zoben Zuhal ba zai nuna maka ba, wannan sai madubin da ke ƙara girma kamar sau 30. Amma ka jingina gwiwar hannunka a kan katanga, ka riƙe numfashi, ka saita Mushtari. Za ka ga ƙananan ɗigo a jere a gefensa, wani dare biyu, wani dare uku ko huɗu. Watanninsa ne, waɗanda Galileo ya gani a Janairun 1610. Ka zana su dare biyar a jere, za ka ga suna sauya wuri. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka taɓa saita shi ga rana, ko da tana daf da faɗuwa, kuma kada ka bar shi a hannun yara da rana. In Uɗarid kake nema, ka jira sai rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ka cire murfin.